Hattie McDaniel: Ta Ci Kyautar Oscar, Aka Hana Ta Kabari

Ranar 29 ga watan Fabrairu na shekarar 1940, a otel ɗin Ambassador da ke birnin Los Angeles na ƙasar Amurka, aka kira sunan wata mace baƙar fata domin ta karɓi kyautar Oscar, lambar yabo mafi girma a harkar sinima. Kafin ita, babu baƙar fatar da ya taɓa samun wannan kyauta. To amma otel ɗin ba ya karɓar baƙaƙe. Sai da mai fim ɗin ya nemi alfarma sannan aka bar ta ta shiga, kuma aka zaunar da ita a wani ɗan tebur can jikin bango, nesa da turawan da suka yi wasan tare. Wannan mata ita ce Hattie McDaniel.

An haife ta a shekarar 1893 a garin Wichita na jihar Kansas, ita ce auta cikin ƴaƴa 13. Iyayenta duka biyu sun yi zaman bauta, mahaifinta Henry kuma ya yi soja a yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta a ƙasar. Ta tashi a birnin Denver, inda ta fara neman abinci da waƙa da wasan barkwanci. Da tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, aiki ya tsaya, har ta koma tsaron makewayi a wani gidan rawa kusa da Milwaukee. A nan ne mai gidan, bayan ya daɗe yana ƙi, ya bar ta ta hau dandali ta yi waƙa.

A 1931 ta bi yayanta Sam zuwa Los Angeles. Ta samu shiga wani shirin rediyo, sai dai kuɗin bai isa cefane ba, don haka ta haɗa da wanki da girki a gidajen turawa. Da ƙofar sinima ta buɗe mata, aikin da aka ba ta shi ne dai wanda ta baro: ƴar aikin gida. A Hollywood ta wancan zamani, baƙar mace ba ta da wani matsayi da ya wuce wannan. Ta fito a finafinai sama da 300, amma waɗanda aka rubuta sunanta a ciki ba su kai 100 ba.

Sai dai ƴar aikin Hattie ba mai sunkuyar da kai ba ce. Tana harara, tana gunaguni, tana mayar wa uwar ɗakinta magana. Haka ta yi a fim ɗin Gone with the Wind na 1939, inda ta fito a matsayin Mammy, baiwar da ta reni ƴar maigida kuma take tsawata mata kamar ƴar cikinta. Wannan wasa ne ya ba ta Oscar. Amma da aka yi bikin fara nuna fim ɗin a birnin Atlanta, dokar wariyar launin fata ta hana ta zuwa.

Matsin bai tsaya ga turawa ba. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP, ƙarƙashin Walter White, ta zarge ta da zubar da mutuncin danginta. Amsar da ta bayar ta shahara: gara ta karɓi dala 700 a mako tana kwaikwayon ƴar aiki, da ta karɓi dala 7 tana ƴar aikin gaske. Dalar Amurka ake nufi fa, ba tamu ta kasuwa ba. Masu sukar suna da gaskiyarsu, domin fim ɗin ya shafa wa bauta kwalliya. Amma duk macen da ta taɓa wanke kayan wani don ta ci abinci za ta fahimci lissafin Hattie.

Kuma ba matsoraciya ba ce. Da ta sayi babban gida a unguwar West Adams, wasu turawa maƙwabta suka kai ƙara a kori baƙaƙe daga unguwar. Ta tara ƴan uwanta suka tsaya da lauya Loren Miller, a 1945 alƙali Thurmond Clarke ya yi watsi da ƙarar.

A 1947 ta zama tauraruwar shirin rediyo mai suna Beulah. Ciwon daji na nono ya kashe ta ranar 26 ga Oktoba 1952. Ta yi aure sau huɗu, ba ta bar ɗa ba, kuma abin da ta bari bai kai bashin lanhon da gwamnati ke bin ta ba. Ta bar wasiyya a rufe ta a maƙabartar Hollywood, masu wurin suka ƙi saboda launin fatarta, aka kai ta maƙabartar Rosedale. Sai a 1999 sabbin masu wurin suka kafa dutsen tunawa da ita.

Kyautar Oscar ɗin kuwa, ta bar wa Jami'ar Howard ta birnin Washington, inda ta ɓace daga baya. A 2023 hukumar Oscar ta kai wa jami'ar wata sabuwa a madadinta.