Dorugu, Yaron Dambanas

Mu da mu ke zaune a zangunan Ankara, a Nima da Mamobi da Madina, yawancinmu in an tambaye mu asalin kakanmu sai mu ce daga Arewa ya zo. Wani ya san sunan garin, wani kuwa sunan ƙasar kaɗai ya riƙe. A zamanin kakanninmu ba a rubuta ranar haihuwa, in kuma bauta ta ɗauke mutum, har sunansa ya kan canja a hanya. Domin wannan ne muka ga ya kamata mu bi sawun wani Bahaushe guda, wanda mu ke lissafta shi cikin kakanninmu wajen karatun Bishara da harshenmu. Sunansa Dorugu.

An haife shi wajen shekara ta 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Ubansa manomi ne, makaɗi kuma. Yana yaro aka kama shi, aka sayar, ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har ya kai Kukawa, babban birnin Barno a lokacin. A can wani Bature Bajamushe, Adolf Overweg, ya 'yanta shi, shi da wani yaro ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Overweg ya rasu a bakin tafkin Cadi cikin 1852, sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da sunan Abdulkarim.

Daga nan ne sawunsa ya fara fitowa a takarda. Barth ya ambace shi cikin littafin tafiyarsa, har da hotonsa tare da Abbega. Amma mai nema ya lura, Barth ya rubuta sunan Dyrregu, yadda kunnensa na Bajamushe ya ji. Wanda ya buɗe littafin yana neman Dorugu zai iya wucewa bai gan shi ba. Haka sunayen kakanninmu da yawa suka sha a hannun magatakardan Turawa, a nan Gana da can Nijeriya.

Yaran suka bi Barth zuwa Sakkwato, suka isa Tumbutu cikin 1853, suka komo ta Kano zuwa Kukawa. Sa'an nan suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka sauka Landan cikin watan Satumba na 1855. Barth ya kai su har Jamus. Dorugu kuwa bai wuce shekara 16 ba.

A Ingila akwai wani mai wa'azi na mishan ɗin C.M.S., James Frederick Schön, shi ma Bajamushe ne. Ya bi jirgin da ya hau kogin Kwara cikin 1841 tare da Samuel Crowther, ya koyi Hausa a bakin 'yantattun bayi a Saliyo, ya buga ɗan littafin kalmomi cikin 1843. Ciwo ya hana shi komawa Afirka, ya zauna a Chatham, ga marmarin juya Littafi Mai Tsarki, ga rashin Bahaushe a kusa. Da ya ji labarin yaran sai ya neme su. Barth ya riga ya shirya mayar da su gida, amma suka zauna wurin Schön, abin kuwa ya ɓata tsakanin Turawan nan biyu. Aka yi wa yaran baftisma, Dorugu ya zama James Henry, Abbega ya zama Frederick Buxton. Ga suna na uku ke nan ga mai bin sawu.

Abbega ya komo Afirka cikin 1857. Dorugu ya zauna har 1864, kuma cikin shekarun nan ne aka yi aikin da ya sa mu ke tunawa da shi. Yaron yana magana, Schön yana rubutawa. Ya ba shi tatsuniyoyi da kalmomi, ya gyara masa inda harshe ya karkace. Bisharar Matta ta fito da Hausa cikin 1857, Farawa da Luka suka biyo. Nahawun Schön ya fito cikin 1862, ƙamus ɗinsa cikin 1876. Sunan Schön ne a bangon littattafan, ba mu kuwa rage masa ladan wahalarsa ba, amma Hausar da ke ciki da yawanta daga bakin yaron Dambanas ta fito. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa sai 1932 aka buga shi, a hannun waɗansu ma'aikata dabam, shekara 75 bayan Matta ta farko.

Abin da ya fi mana daraja shi ne labarin ransa da ya faɗa da bakinsa, wanda Schön ya buga cikin Magana Hausa a 1885. A ciki ya ba da labarin gidansu, da kamunsa, da ƙishirwar hamada, da yadda ya ga Turawa suna cin abinci a ƙasarsu, yana duban al'adunsu da idon baƙo kamar yadda su ke duban namu. Bayin da aka kora daga ƙasar Hausa ba su ƙidayuwa, kaɗan ne ƙwarai suka bar maganarsu a rubuce. In ba domin wannan ba, da Dorugu ya tsaya ɗan hoto cikin littafin wani.

Na Abbega kuwa ta wata hanya ya zo mana. Ya zama sarkin Lakwaja, ya yi zuriya. Jikansa Maimaina na Jega, wanda ya girma a hannunsa, ya zama Sarkin Askira a ƙasar Barno, ya kuma ba da labarin kansa da na kakansa. Maimaina Musulmi ne, kamar 'yan'uwan yawancinmu, shi ne kuwa ya riƙe mana wannan gefen tarihin. Cikin 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka haɗa labarin Dorugu da na Maimaina cikin littafi guda da Turanci.

Bayan komowarsa Dorugu ya yi wa Turawa tafinta. A ƙarshe muka same shi a Kano, tsoho, yana koyar da karatun boko a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa cikin 1909. A can ya rasu cikin 1912. Matar Ɗan Hausa, Isabelle, ita ce ta rubuta labarin rasuwarsa. Da aka buɗe kayansa, sai aka tarar da tabarau masu yawa, da kuɗin zinariya da na azurfa waɗanda ya daɗe yana ajiyewa.