Malamin Katsina da ya kai lissafin hatimi Masar

Sau da yawa mukan ji 'yan lakwal na cewa lissafi kayan Nasara ne, kansu ba ya ɗauka. To, yau ga tarihin Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bafillacen ƙasar Katsina.

A ƙasashenmu na nan ya yi karatu, cikin malamansa har da Muhammad Alwali na Bagarmi. Wajen 1730 ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna Alkahira. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake tsara hatimi. E, hatimin nan da muka saba gani a allon malamai. Shi dai a wurinsa lissafi da ilimin asiran haruffa tafiyarsu ɗaya. Mu lissafin ya kawo mu.

Ku ɗauki hatimi mai gida 3 a kowane layi. Ana zuba 1 zuwa 9, kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, ya ba da 15. To, mai gida 5 fa? Gidajensa 25 ne. Maimakon a yi ta tarawa, a haɗa na farko da na ƙarshe, 26 ke nan. A ninka da 25, a raba biyu, a samu 325, jimillar lambobin duka. Layi biyar ne, sai a raba da 5, a samu 65. Amma tunda 25 ɗin nan 5 sau 5 ne, biyar ɗaya ta tafi da wadda za a raba da ita, saura 5 sau 26 a raba biyu. Sittin da biyar ɗin dai, ba wahala. Abin da mushe ke rubutawa a allon aji ke nan da harafi: n(n×n+1)/2. Ku gwada da 7 ku gani.

Malamin bai dawo gida ba. Ya rasu a Alkahira a 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, wanda ya bar wa amanar littattafansa. Ɗan wannan Shaihu, masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, ya sa shi cikin malaman da ya rubuta tarihinsu. Allah ya jiƙansa.