Shivaji, sarkin Maratha da ya mai da duwatsun Indiya garkuwarsa

A watan Yulin 2025, a taron da ta yi a birnin Paris na ƙasar Faransa, hukumar UNESCO ta sanya ganuwoyi 12 na daular Maratha ta Indiya cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Mafi shahara a cikinsu ita ce Raigad, wadda ke kan wani dogon dutse a jihar Maharashtra, kudu da birnin Mumbai. A kan wannan dutse aka naɗa Shivaji Bhonsle sarauta, a nan ya rasu, kuma a nan ne hubbarensa yake har yau. Tarihinsa tarihi ne na ɗan wata ƙaramar al'umma da ta samu kanta tsakanin manyan dauloli, ba ta da yawan dakaru, ba ta da tarin dukiya, sai duwatsu da sanin hanyoyinsu.

Haihuwa da tasowa

An haifi Shivaji a ganuwar Shivneri, kusa da garin Junnar. Ranar da gwamnatin Maharashtra ta amince da ita, ake kuma yin biki a kanta duk shekara, ita ce 19 ga Fabrairun 1630. A lokacin, yankin Deccan, wato tudun tsakiya da kudancin Indiya, yana hannun sarakunan Musulmi na Ahmadnagar da Bijapur da Golconda, daular Mughal kuma tana matso su daga arewa. Mutanen Maratha, masu magana da harshen Marathi, manoma ne da mahaya dawaki da ke yi wa waɗannan sarakuna aikin soja a ba su riƙon ƙasa.

Mahaifinsa, Shahaji, yana cikin irin waɗannan manyan mayaƙa. Ya yi aiki a ƙarƙashin Malik Ambar, ɗan asalin ƙasar Habasha da aka sayar da shi bawa tun yana yaro, ya bi ta Bagadaza har ya iso Indiya, ya kuma zama mai juya akalar mulkin Ahmadnagar. Malik Ambar ne ya gigita dakarun Mughal da yaƙin sari-ka-noƙe, yana amfani da mahayan Maratha marasa nauyin kaya. A yaƙin Bhatvadi na 1624, Shahaji yana cikin rundunarsa. Wannan salon yaƙi da ɗan Afirka ya ƙware a kansa shi ne Shivaji ya taso ya tarar, ya kai shi wani matsayi dabam.

Da Shahaji ya koma hidimar sarkin Bijapur a can kudu, sai ya bar ɗansa a Pune tare da mahaifiyarsa Jijabai, da wani wakili mai suna Dadoji Konddev da ke kula da ƙasar. Jijabai ce ta yi masa tarbiyya, kuma ba ta daina ba shi shawara ba har ƙarshen rayuwarta. Yaron ya shaƙu da matasan ƙauyukan Maval, ƴaƴan manoma da suka san kowane kwazazzabo da kowace ɓarauniyar hanya a duwatsun Sahyadri. Su ne suka zama sojojinsa na farko.

Daga Torna zuwa Pratapgad

A 1646, yana da shekara 16, ya karɓe ganuwar Torna daga hannun jami'an Bijapur. Daga nan ya riƙa ƙwace ganuwoyi ɗaya bayan ɗaya, wasu da takobi, wasu da dabara, wasu da kuɗi. Ya gina Rajgad ya mai da ita fadarsa ta farko. A 1656 ya ci ƙasar Javali daga hannun gidan More, waɗanda su ma ƴan Maratha ne mabiya addinin Hindu kamarsa, kuma an zubar da jini sosai a wannan rikici. Cikin abin da ya faɗo hannunsa akwai wani dutse mai suna Rairi, wanda daga baya ya sake masa suna Raigad.

Bijapur ta ga abin ya wuce wasan yara. A 1659 ta aiko babban kwamandanta Afzal Khan da runduna mai yawa. Shivaji ya ƙi fitowa fili, ya lafe a ganuwar Pratapgad, cikin daji da duwatsun da igwa da manyan dawaki ba su da amfani a cikinsu. Aka shirya su gana ido da ido a gindin ganuwar ranar 10 ga Nuwamba. Shivaji ya je da sulke a ƙarƙashin rigarsa, da wani makamin ƙarfe mai kama da faratan damisa ɓoye a hannunsa. Marubutan Maratha sun ce Afzal Khan ne ya fara kai masa suka lokacin da suka rungumi juna, marubutan Farisanci kuwa sun ɗora wa Shivaji laifin cin amana. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne Afzal Khan bai fita daga tantin da rai ba, kuma mayaƙan da aka ɓoye a daji sun tarwatsa rundunarsa a ranar.

Shekara ta zagayo, Bijapur ta aiko Siddi Jauhar, shi ma ɗan asalin Afirka, ya yi wa Shivaji ƙawanya a ganuwar Panhala na tsawon watanni. Cikin wani dare na damina Shivaji ya sulale. Wani jaruminsa, Baji Prabhu Deshpande, ya tsaya da ƴan tsirarun mutane a wata matsattsiyar hanyar dutse ya tare masu bin sawu har ya rasa ransa, maigidansa kuma ya kai ga tsira.

Karo da Aurangzeb

Babban abokin gabarsa shi ne Aurangzeb, sarkin Mughal. Sarkin ya aiko kawunsa Shaista Khan, wanda ya kama Pune ya zauna a gidan da Shivaji ya taso a ciki. A watan Afrilun 1663 Shivaji ya kutsa gidan da dare da ƴan mutane kaɗan. Shaista Khan ya tsira da ransa amma ya rasa yatsu, ɗansa kuma ya mutu. A Janairun 1664 Shivaji ya afka wa Surat, tashar jiragen ruwa mafi arziki a daular Mughal, wadda alhazan Indiya ke tashi daga cikinta zuwa Makka, ya kwashe dukiyar attajiranta. Ya sake yin haka a 1670. Talakawa da ƴan kasuwar Surat sun ɗanɗana kuɗarsu, kuma wannan yana cikin abubuwan da masu sukarsa ke tunawa har yanzu.

Aurangzeb ya turo Jai Singh, wani sarkin Rajput mabiyin addinin Hindu da ke yi masa hidima. Jai Singh ya fi ƙarfin Shivaji. A yarjejeniyar Purandar ta 1665, Shivaji ya miƙa ganuwoyi 23, aka bar masa 12. A 1666 ya je fadar Agra tare da ɗansa Sambhaji. Da aka tsayar da shi a sahun hakiman da yake ganin ba su kai shi ba, sai ya nuna fushinsa a gaban sarki ya fice, aka yi masa ɗaurin talala. A watan Agusta ya gudu. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne an fitar da shi da ɗansa cikin manyan kwandunan alewa da yake aikawa sadaka kullum, har masu gadi suka gaji da bincike.

Ya yi shekara uku yana gyara gida. A 1670 ya sake ɗaukar makami, ya ƙwato mafi yawan abin da ya rasa. A nan ne amininsa Tanaji Malusare ya hau dutsen Kondhana da igiya cikin dare, ya ci ganuwar, ya kuma mutu a fafatawar. Ita ce ake kira Sinhagad a yau, kuma masu kallon fina-finan Indiya za su tuna labarin daga fim ɗin Tanhaji na 2020.

Naɗin sarauta da tsarin mulki

Duk da wannan ƙarfi, a idon sauran sarakuna Shivaji ɗan tawaye ne kawai. Wasu malaman Brahmin ma sun ce zuriyarsa ba ta cikin ajin mayaƙa da ya cancanci sarauta. Sai aka gayyato wani babban malami daga Varanasi, Gaga Bhatt, wanda ya amince da salsalar da ta danganta shi da sarakunan Rajput na Mewar. Ranar 6 ga Yunin 1674 aka naɗa shi a Raigad da laƙabin Chhatrapati, wato ma'abocin laimar sarauta. Wakilin kamfanin Ingila na gabashin Indiya, Henry Oxinden, yana cikin baƙin da suka halarta. Jijabai ta ga wannan rana da idonta, ta rasu ƙasa da mako biyu bayanta, a ƙauyen Pachad da ke gindin dutsen.

Shivaji ya kafa majalisar manyan waziri takwas. Ya fi son biyan jami'ai albashi a kan ba su ƙasa su gada, don kada su yi ƙarfin da za su juya masa baya. Kowace ganuwa ya sa mata shugabanni uku daga azuzuwan al'umma dabam-dabam, yadda mutum ɗaya ba zai iya sayar da ita ga abokan gaba ba. Ya sa aka auna gonaki aka tsara haraji, ya kuma riƙa karɓar kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shigar ƙasashen maƙwabta a madadin kada ya kai musu hari. A zamanin da Farisanci ne harshen fada a kusan duk Indiya, ya ɗaukaka Marathi a harkar mulki, ya kuma sa aka tsara ƙamus na kalmomin mulki da Sanskrit don maye gurbin na Farisanci.

Ya kuma gane cewa teku ma fagen yaƙi ne. Ya gina ganuwar Sindhudurg a cikin ruwa, ya kafa rundunar jiragen yaƙi, kuma cikin manyan kwamandojinta akwai Musulmi irin su Daulat Khan. Khafi Khan, marubucin tarihin Mughal da ba ya ƙaunarsa ko kaɗan, ya rubuta cewa Shivaji ya hana sojojinsa taɓa masallaci ko Alƙur'ani ko mata, kuma idan Alƙur'ani ya faɗo hannunsa yakan ba wani Musulmi cikin mutanensa.

Wuri ɗaya ya gagare shi: Janjira, ganuwar da ke kan tsibiri kusa da garin Murud, wadda sunanta ya samo asali daga kalmar Larabci jazira. Ƴan Siddi, zuriyar mutanen gabashin Afirka, ke riƙe da ita. Ya kai mata hari sau da dama bai ci ta ba, ɗansa Sambhaji ma ya gwada ya kasa.

Rasuwa da abin da ya biyo baya

Tsakanin 1677 da 1678 ya yi doguwar tafiyar yaƙi zuwa kudu, bayan ya ƙulla ƙawance da sarkin Golconda, ya ci Gingee da Vellore. Ya rasu a Raigad ranar 3 ga Afrilun 1680, bayan zazzaɓi da ciwon ciki, yana da kimanin shekara 50. Ya bar ganuwoyi sama da 200.

A 1689 Mughal suka kama Sambhaji suka kashe shi, suka kuma ci Raigad. Amma ƙaninsa Rajaram ya tsere zuwa Gingee ya ci gaba da yaƙi. Aurangzeb ya ƙare sauran rayuwarsa yana bin ganuwoyin Maratha ɗaya bayan ɗaya, ya ci wannan yau, waccan ta kuɓuce gobe, har ya rasu a 1707. Cikin ƙarnin da ya biyo baya, Maratha suka zama mafiya ƙarfi a Indiya, har Turawan Ingila suka murƙushe su. A 1818 igwoyin Ingila suka ragargaza gine-ginen Raigad.

Raigad a yau

Mai ziyara yakan bi ta garin Mahad zuwa Pachad, inda kangon gidan Jijabai da hubbarenta suke. Daga nan ko dai ya taka matakala sama da 1,000, ko ya hau motar da ke rataye a igiyar ƙarfe, wadda ke kai mutum sama cikin ƴan mintoci. Mai hawa da ƙafa zai shiga ta Maha Darwaza, babbar ƙofar da aka ɓoye tsakanin hasumiya biyu yadda mai kawo hari ba zai hango ta daga nesa ba.

A saman dutsen akwai tafkin Gangasagar, da kangon fada, da doguwar ƙofar gidan tambura mai fuskantar gurbin gadon sarauta. Gaba kaɗan akwai layi biyu na rumfunan kasuwa a kan dakali mai tsawo, waɗanda ake cewa an ɗaga su ne don mahayi ya yi sayayya bai sauka daga doki ba. Akwai Takmak Tok, gefen dutsen da ake jefo waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Akwai kuma hasumiyar Hirkani, wadda labarin baka ya ce an sa mata sunan wata mai tallar nono da aka rufe ƙofa da ita bayan faɗuwar rana, ta sauka ta gefen dutse cikin duhu don ta je ta shayar da jaririnta. A ƙarshen hanya akwai wurin bauta na Jagdishwar, inda maginin ganuwar, Hiroji Indulkar, ya sassaƙa sunansa a kan matakala, kuma kusa da shi hubbaren Shivaji yake. Daga Yuni zuwa Satumba ruwan damina da hazo suna sa hanyar santsi, don haka an fi samun sauƙin hawa tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Wanda ya samu ƙarin kwana ɗaya yana iya gangarawa gaɓar teku ya shiga kwalekwale zuwa Janjira, wadda ke cikin gunduma ɗaya da Raigad.

A Indiyar yau kowa na jan Shivaji gefensa. Filin jirgin saman Mumbai da babbar tashar jirgin ƙasanta suna ɗauke da sunansa. Wasu ƴan siyasa na nuna shi a matsayin gwarzon Hindu da ya yaƙi Musulmi, masana tarihi da dama kuwa na tunatarwa cewa ya yaƙi sarakunan Hindu, ya yi ƙawance da sarakunan Musulmi, kuma wanda ya taɓa durƙusar da shi Hindu ne. Kowace ranar 6 ga Yuni, dubban mutane na hawa Raigad da ganguna da tutoci don tuna ranar da aka buɗe masa laima.