Jonathan Adagogo Green: Ɗan Bonny da ya ɗauki hoton Sarkin Benin a mari, duniya ta zaci Bature ne

A Kasuwar Sabon Gari da ke Kano, mutum zai iya miƙa wayarsa a shagon hoto, a fitar masa da hoton wani sarki ko gwamna da ya kwafo daga Facebook, a faɗaɗa shi, a saka masa firam, ya biya ya kama gabansa. Mai shago ba ya tambayar wanda ya ɗauki hoton, mai saye ma bai damu ba. Wannan ɗabi'a ta girmi kasuwar kanta. Ita ce ta binne sunan Jonathan Adagogo Green shekaru da dama, alhali hotunansa na yawo a littattafan tarihi, ana kallonsu ba a san hannun da ya ɗauka ba.

An haifi Green a shekarar 1873 a ƙasar Bonny, a gaɓar tekun Atlantika, cikin jihar Ribas ta yau. Ɗan ƙabilar Ibani ne, wani reshe na Ijaw. Mahaifinsa, Cif Sunju Dublin Green, attajiri ne a cinikin manja, hajar da ta gaji cinikin bayi a wannan gaɓa. Yaron ya yi karatu a makarantar mishan, ya iya Turanci, ya kuma tashi a gidan da ya saba ciniki da fataken Turawa. Tun bai cika shekara 20 ba ya kama sana'ar hoto, ya buɗe shagonsa a Bonny a farkon shekarun 1890. Masana da dama na lissafa shi a matsayin ɗan ƙasa na farko da ya riƙi hoto sana'a a yankin da daga baya ya zama Najeriya.

Aikin ba irin na yau ba ne. Kyamarar akwati ce mai ƙafa uku, kuma a kan farantin gilashi hoton ke kamawa. Takardar da ake buga shi a kai ana shafe ta da farin ƙwai da sinadarin azurfa, a haɗa ta da gilashin, a shanya a rana har surar ta bayyana. Rana ce fitilarsa, a ƙasar da ruwan sama ke zuba mafi yawan watannin shekara, iskar teku kuma na ɗauke da laima da gishiri. Tafiya duk ta ruwa ce. Da wannan kaya mai saurin fashewa ya zaga Opobo, Kalaba, Warri da Sapele.

Abin da ya bari ya wuce hotunan fuska. Ya ɗauki bakin ruwa da mashigai, da dogayen kwale-kwalen sarakuna cike da matuƙa, da gangunan manja jere a harabar kamfanonin Turawa suna jiran jirgi. Ya ɗauki maƙera da masaƙa a bakin aikinsu. Idan kuma sarakunan gaɓar suka zauna gabansa, yakan tsara su yadda suke son a gan su: mai gida a tsakiya cikin kayan alfarma, mata da 'ya'ya da barori kewaye da shi. Wanda ya saba da hotunan da baƙi suka ɗauka a wancan zamani, inda ake tsayar da baƙar fata kamar abin nazari, zai ga bambancin nan take. Mutanen Green suna kallon kyamara kamar masu gida, domin wanda ke bayanta ɗan gida ne.

Sai dai ba za a wanke shi tas ba. Manyan abokan cinikinsa jami'an mulkin mallaka ne da fataken Birtaniya, waɗanda ke sayen hotunansa su liƙa a albam su tafi da su gida. Ya yi aiki ne daidai lokacin da ake karya sarakunan yankin ɗaya bayan ɗaya: an kori Jaja na Opobo a 1887, an ci Nana Olomu na Itsekiri da yaƙi a 1894. Green ya ci abinci a hannun waɗanda suka yi wannan aiki, kuma hoton da ya fi shahara da shi a cikin jirginsu ya ɗauke shi.

A watan Fabrairun 1897 sojojin Birtaniya suka ci birnin Benin, suka ƙone shi, suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa daga fada. Oba Ovonramwen ya miƙa wuya bayan watanni, aka yanke masa zaman gudun hijira a Kalaba. A kan hanya, cikin jirgin ruwan gwamnati mai suna Ivy, Green ya kafa kyamararsa. A ɗaya daga cikin hotunan, sarkin na zaune da mari a ƙafa, sojoji baƙar fata riƙe da bindigogi suna gadinsa. Masu jirgin sun so shaidar nasara ne. Abin da ya fito a gilashin kuwa mutum ne da bai sunkuyar da kai ba, har masu zane da maƙeran Benin suka riƙa kwaikwayon wannan zama nasa a ayyukansu. Ovonramwen bai sake ganin garinsa ba. Ya rasu a Kalaba a 1914. Bakano ya san irin wannan labari. Shekara shida bayan Benin, a Fabrairun 1903, Kano ta faɗi, aka kama Sarki Alu, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

Yadda sunan Green ya ɓace abu ne mai sauƙi. Hatimin da yake bugawa a bayan hotunansa J. A. Green kawai ya ce, tare da sana'arsa da sunayen Bonny da Opobo. Sunansa na tsakiya, Adagogo, wanda da shi za a gane ɗan Ibani ne, ya maƙale a cikin harafi guda. Da aka liƙa hotunan a albam, hatimin ya koma ciki. Masu buga littattafai da katunan gidan waya suka yi ta amfani da su ba tare da ambatonsa ba, waɗanda suka ci karo da sunan kuma suka ɗauka wani Bature ne.

Ya rasu a 1905 yana da shekara 32, shekara shida kafin jirgin ƙasa ya iso Kano, kafin ma a shata Sabon Gari. Danginsa suka gaji shagon, suka ci gaba da buga hotuna daga gilasansa.

Sai a 2017 aka samu cikakken littafi a kansa, wanda Martha Anderson da Lisa Aronson suka shirya bayan dogon bincike a ɗakunan ajiya, tare da gudummawar masanin tarihi Ebiegberi Joe Alagoa da mai ɗaukar hoto Tam Fiofori. Sun gano ɗaruruwan hotuna da suka fito daga hannunsa. A 2022 Jamus ta sa hannu kan yarjejeniyar miƙa wa Najeriya mallakar kayan Benin sama da 1,000 da ke gidajen tarihinta. Albam-albam ɗin da ke ɗauke da hotunan Green kuwa, da yawansu na nan a Birtaniya da Amurka, ciki har da ma'ajiyar kamfanin Unilever da ke Port Sunlight, kusa da Liverpool.