EDWARD MURROW, MAI LABARAN DA YA JA DA SANATA McCARTHY

Idan ƙarfe tara na dare ya yi, mutum ya zauna gaban akwatin talabijin a Sabo ta Ibadan ko a Agege, ya ga mai karanta labarai ya fito an rubuta sunansa a ƙasan allo, can kuma a nuno wakili yana magana daga wani gari mai nisa, sai ya ɗauka haka abin yake tun fil'azal. Alhali kuwa wasu mutane ne suka fara tsara wannan aiki, kuma a cikinsu babu wanda ya yi suna kamar wani Ba'amurke mai suna Edward R. Murrow, wanda ya mutu tun shekarar 1965. To, masu karatu, ga tarihinsa.

An haife shi ran 25 ga watan Afrilu, 1908, a wani ƙauye kusa da garin Greensboro cikin jihar North Carolina ta Amurka. Sunan da aka raɗa masa Egbert, da ya girma ya ga sunan bai kwanta masa ba sai ya mai da shi Edward. Iyayensa talakawa ne manoma, gidansu na katako, ba lantarki ba famfo, shi ne kuma auta cikin 'ya'yansu maza. Yana ɗan shekara shida uban ya kwashi iyalinsa suka ƙaura zuwa jihar Washington, can ƙarshen ƙasar ta yamma, don neman abin sawa a baki. A nan ya yi makaranta, in an ba da hutu kuma ya tafi daji wurin masu saran katako ya yi ƙodago ya tara kuɗin karatu.

Da ya shiga kwalejin jihar da ke garin Pullman sai ya haɗu da wata malama mai suna Ida Lou Anderson, wadda shan-inna ya naƙasa tun tana ƙarama. Ita ta koya masa yadda ake furta kalma, da inda mai magana zai dakata don mai sauraro ya haɗiye abin da ya ji. Ya gama a 1930, ya shugabanci ƙungiyar ɗalibai ta ƙasar, sa'an nan ya kama aiki a wata cibiya a New York mai kula da musayar ɗalibai da malamai tsakanin ƙasashe. Da Hitila ya hau mulkin Jamus a 1933 ya shiga korar malaman jami'a, musamman Yahudawa, Murrow yana cikin waɗanda suka yi ta faɗi-tashi wajen samo musu aiki a jami'o'in Amurka.

YAƘIN HITILA

A 1935 ya koma gidan rediyon CBS, ba tare da ya taɓa yin aikin jarida ko na kwana ɗaya ba. Aikinsa shi ne nemo manyan mutane su zo su yi jawabi. A 1937 aka tura shi Landan ya zama wakilin gidan a Turai, nan ma dai shirya jawabai da waƙoƙi ne aikin. Cikin watan Maris na 1938 yana birnin Warsaw na ƙasar Polan yana shirin ɗaukar waƙar 'yan makaranta, sai abokin aikinsa William Shirer ya bugo masa waya cewa sojojin Hitila sun shiga Ostiriya. Nan da nan ya yi shatar jirgin sama ya sauka Vienna. Ran 13 ga watan, gidan CBS ya haɗa wakilai daga Landan da Paris da Berlin da Vienna suka ba da labari ɗaya bayan ɗaya cikin shiri guda, kai tsaye. Wannan tsari da kowane gidan rediyo da talabijin yake bi a yau, daga nan ya kafu.

Da yaƙi ya ɓarke, jiragen Jamus suka shiga yi wa Landan ruwan bama-bamai a 1940, Murrow ya kan hau rufin bene da makirufo a hannu yana faɗin abin da idonsa ke gani, mutanen Amurka suna jin jiniya da ƙarar bindigogin harbo jirage a cikin ɗakunansu. A lokacin Amurka ba ta shiga yaƙin ba, kuma rahotanninsa sun taimaka wajen karkato zukatan jama'arta zuwa ga Ingila. Ya bi jiragen yaƙi wajen sau 25, har da harin da aka kai Berlin cikin Disamba na 1943, ko da yake shugabanninsa sun yi ta hana shi. Cikin Afrilu na 1945 ya shiga sansanin gwale-gwale na Buchenwald bayan an ƙwace shi, ya ga gawarwaki jibge kamar itace. Sai da ya kwana uku kafin ya iya ba da labarin, ya kuma gaya wa masu sauraro cewa abin da ya faɗa kaɗan ne daga abin da ya gani, kuma ba zai nemi gafarar wanda labarin ya ɓata wa rai ba.

SHIGARSA TALABIJIN

Murrow mutumin rediyo ne, da farko bai yarda da talabijin ba, don yana ganin hoto zai danne magana. Amma ran 18 ga Nuwamba, 1951, shi da abokinsa Fred Friendly suka fara wani shiri na mako-mako mai suna See It Now. A shirin farko ya zauna cikin ɗakin injuna da akwatuna biyu a gabansa, ɗaya yana nuna gadar Brooklyn ta New York, ɗaya yana nuna gadar Golden Gate ta San Francisco, wato gabas da yammacin ƙasar a lokaci guda, abin da ba a taɓa nuna wa mutane ba. Mai sarrafa hotunan shirin wani saurayi ne, Don Hewitt. Shi ne kuma, kamar yadda ya riƙa ba da labari da kansa, ya ga allon jerin abinci mai fararen haruffa a wani gidan cin abinci a Chicago lokacin taron jam'iyyu na 1952, ya saye shi, ya yi dabarar ɗora sunan mai magana a ƙasan hotonsa. A Kirsimeti na 1952 Murrow ya tafi fagen yaƙin Koriya ya nuna ƙananan sojoji cikin ramukansu suna rawar ɗari.

A wannan zamani tsoro ya cika Amurka. Wani ɗan Majalisar Dattawa daga jihar Wisconsin, Sanata Joseph McCarthy, ya tashi tun Fabrairu na 1950 yana cewa 'yan gurguzu masu yi wa Rasha aiki sun cika ma'aikatun gwamnati. Wanda duk ya ambata sunansa, ko da hujja ko babu, aikinsa ya tafi, abokai kuma su guje shi. Manyan 'yan siyasa da masu gidajen watsa labarai da yawa suka kama bakinsu.

Murrow ya fara da labarin wani ƙaramin hafsan sojan sama, Laftanan Milo Radulovich, wanda za a sallama don kawai an ce mahaifinsa yana karanta wata jarida da ake zargi, 'yar'uwarsa kuma tana da ra'ayin gurguzu. Hujjar tana cikin ambulan a rufe, ba a bari shi ko lauyansa sun gani ba. Aka nuna shirin ran 20 ga Oktoba, 1953, bayan 'yan makonni rundunar ta mai da shi bakin aikinsa.

Ran 9 ga Maris, 1954, sai ya fuskanci McCarthy kansa. Dabarar da suka yi ita ce, suka tattara hotunan jawabai da tambayoyin Sanatan, suka jera su, jama'a suka ga da idonsu yadda yake saɓa wa maganarsa da yadda yake wulakanta shaidu. A ƙarshe Murrow ya dubi masu kallo ya tuna musu cewa zargi daban ne hujja daban, kuma saɓa wa ra'ayin gwamnati bai zama cin amanar ƙasa ba. Kamfanin CBS bai yarda a kashe kuɗinsa wajen tallar shirin ba, bai ma yarda a sa tambarinsa mai siffar ido ba, sai Murrow da Friendly suka biya tallar jarida daga aljihunsu. Dubban wasiƙu da waya suka yi ta shigowa, mafi yawansu na goyon baya. McCarthy ya mai da martani a filin ran 6 ga Afrilu, ya ce Murrow ma ɗan koren Rasha ne, amma wannan bai ƙara masa komai ba sai zubar da girma. Ba Murrow kaɗai ya ka da shi ba, don wasu 'yan jarida sun riga shi, kuma zaman binciken rikicin McCarthy da rundunar soja da aka nuna a talabijin ya ƙara tona shi. Ran 2 ga Disamba, 1954, Majalisar Dattawa ta tsine wa halinsa da ƙuri'a 67, masu ƙi 22.

RIGIMA DA MASU GIDA

Nasarar ba ta zo masa da daɗi ba. Kamfanin Alcoa mai sarrafa alminiyum, wanda ke biyan kuɗin shirin, ya janye a 1955. A shekarar kuma shirye-shiryen kacici-kacici masu ba da kyautar dubban daloli suka fito, masu talla suka ruga can. Aka cire See It Now daga lokacinsa na dare, aka riƙa nuna shi jefi-jefi, a 1958 aka kashe shi. Mai gidan CBS, William Paley, amininsa ne tun zamanin yaƙi, amma ya nuna masa a fili ya gaji da ciwon cikin da kowace rigimar shirin ke jawo masa. Cikin Oktoba na 1958 Murrow ya tsaya gaban taron shugabannin sassan labarai a Chicago ya ce talabijin na iya ilimantar da mutane in masu shi sun ga dama, in kuwa sun bar shi ga shagala da talla, to, tarin wayoyi da fitilu ne kawai cikin akwati. Wannan jawabi ya ƙarasa ɓata tsakaninsa da Paley.

Babban aikinsa na ƙarshe a CBS shi ne Harvest of Shame, wanda aka nuna a Nuwamba na 1960, kan 'yan ci-rani masu bin gonakin Amurka daga jiha zuwa jiha suna tsinkar kayan lambu. Ya nuna yadda ake loda su a manyan motoci, da 'yan ɗakunan da suke kwana, da 'ya'yansu da ba sa zuwa makaranta, alhali guminsu ne ke ciyar da ƙasar.

A 1961 Shugaba Kennedy ya naɗa shi shugaban hukumar watsa labaran Amurka a ƙasashen waje, wadda gidan rediyon Muryar Amurka ke ƙarƙashinta a lokacin, wato gidan da ya buɗe sashen Hausa daga baya a 1979. A nan ya yi wani tuntuɓe. Da ya ji BBC za ta nuna fim ɗin 'yan ci-ranin nan, sai ya nemi ta fasa don kada sunan ƙasarsa ya ɓaci. BBC ta ƙi, maganar ta fito a jaridu, shi kuma ya amsa cewa wauta ya yi.

Murrow ya kan sha taba kara sittin ko fiye a rana, da wuya a ga hotonsa ba sigari a yatsunsa, ko da yake shirinsa ya yi bayani kan taba da sankarar huhu tun 1955. Cutar ta kama shi, aka cire masa huhu ɗaya a 1963, ya ajiye aiki a farkon 1964. Ya mutu a gonarsa da ke Pawling cikin jihar New York ran 27 ga Afrilu, 1965, kwana biyu bayan ya cika shekara 57. Ya bar matarsa Janet da ɗa guda.

Gidan da ya yi wa aiki kuwa ya yi ta sauya hannu. Paley ya karɓe shi a 1928 da kuɗin cinikin taba na gidansu. A 1986 attajiri Laurence Tisch ya kama ragamarsa, a 1987 aka sallami ma'aikatan labarai fiye da 200. Kamfanin Westinghouse ya saye shi a 1995, ya koma hannun Viacom a 2000. A Yuli na 2025 kamfanin Paramount, mai gidan a lokacin, ya yarda ya biya dala miliyan 16 don a kashe ƙarar da Shugaba Trump ya shigar kan shirin 60 Minutes, wanda Don Hewitt ɗin nan ya ƙirƙiro a 1968, kuma hakan ya zo ne ana jiran gwamnati ta amince da haɗewarsa da kamfanin Skydance. Da aka yi haka, 'yan jarida da yawa a Amurka sun koma suna tuna jawabin da Murrow ya yi a Chicago.