Anna Comstock: Malamar da ta fara koyar da kimiyya da kaza

An haifi Anna Botsford Comstock ranar 1 ga watan Satumban 1854 a ƙauyen Otto da ke jihar New York ta Amurka. Ita kaɗai iyayenta suka haifa, kuma a gona ta tashi, inda mahaifiyarta ta koya mata sunayen tsirrai da taurari.

Ta shiga Jami'ar Cornell a 1874, ta katse karatun, ta auri masanin ƙwari John Henry Comstock a 1878, sannan ta koma ta kammala digirinta a 1885. Shekaru da dama aikinta shi ne sassaƙa hotunan ƙwari a jikin katako domin littattafan mijinta.

A farkon shekarun 1890 noma ya shiga mawuyacin hali a jihar, matasa suka riƙa barin karkara suna kwarara birni. A 1895 aka sa ta cikin wani kwamitin bunƙasa aikin gona, wanda ya ga cewa yaron da bai san abin da ke gonar mahaifinsa ba, da wuya ya so zama a cikinta. Aka fara gwajin sabon darasi a makarantun firamare na yankin Westchester.

Tsarin da ta bi ya saɓa wa haddar da aka saba da ita. Maimakon malami ya karanto wa yara bayani, sai a ajiye musu abu mai rai a gabansu, a yi musu tambayoyi, su duba da idonsu su nemo amsa.

A littafinta na malamai, Handbook of Nature Study, darasin tsuntsaye da kaza ya fara, domin babu yaron ƙauye da bai santa ba. Ana sa yara su lura da yadda gashinta ke hawa kan juna har ruwan sama ya zame, da yadda take tonon ƙasa, sannan su kwatanta ƙafarta da bakinta da na agwagwa, su faɗi dalilin bambancin.

Ta shawarci malamai da su taƙaita darasin, kada kuma su ji kunyar amsa cewa ba su san wani abu ba, sai dai su bi yaran a bincika tare. Ga malamin da ya saba ganin girmansa a cikin sanin komai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta kuma ce littafin da yaro ke rubuta abin da ya gani mallakarsa ne, bai kamata a riƙa kushe shi saboda kuskuren rubutu ba.

Masu buga littattafai sun guji littafin saboda girmansa, shafi fiye da 900, don haka kamfanin ɗab'i na mijinta ne ya fitar da shi a 1911. An fassara shi zuwa harsuna da dama, kuma har yanzu ana buga shi.

A jami'ar ma ba ta samu sauƙi ba. A ƙarshen shekarun 1890 ta zama mace ta farko da aka bai wa muƙamin mataimakiyar farfesa a Cornell, amma wasu daga cikin masu kula da jami'ar suka ƙi amincewa, aka mayar da ita lakcara. Sai a 1913 muƙamin ya dawo hannunta, ta zama cikakkiyar farfesa a 1920.

Wasu masana sun soki irin wannan darasi da cewa shauƙi ya fi kimiyya yawa a cikinsa, kuma daga baya makarantu suka maye gurbinsa da manhajar kimiyyar firamare.

Ta rasu a garin Ithaca ranar 24 ga watan Agustan 1930, mijinta kuma ya bi ta a shekarar da ta biyo baya.