Dorugu, Yaron Da Ya Ƙetare Sahara

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, a wannan fitowa ina so in ba ku labarin wani malamin makaranta irinmu, wanda ya rasu a Kano tun cikin 1912. Sunansa Dorugu. Na zaɓe shi ne don na lura mu nan Gombe da yawa mun san labarin Barth, Baturen nan na Jamus da a ke kira Abdulkarim, amma da wuya ka sami wanda ya san yaron da ya bi shi.

An haifi Dorugu wajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance cikin ƙasar Damagaram. Tun yana ƙarami mayaƙa suka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka sayar. Ya yi ta fita wannan hannu yana shiga wancan, har ya faɗa Kukawa, babban birnin Barno a zamanin nan. A can ne wani Bature abokin tafiyar Barth, mai suna Overweg, ya fanshe shi, shi da wani yaro Bamargi wai shi Abbega. Da Overweg ya mutu a bakin tafkin Chadi cikin 1852, sai Barth ya ɗauki yaran nan biyu. Suka bi ta Damagaram da Katsina da Sakkwato da Gwandu, suka isa Tambutu cikin 1853, ba su komo Kukawa ba sai ƙarshen 1854.

To, babbar tafiya tana gaba. Cikin watan Mayu na 1855 suka tashi daga Kukawa suka nufi Tarabulus, tafiyar fiye da mil 1,300. Ku tuna fa, lokacin nan ne zafin Sahara ya ke kan ganiyarsa. Babu kasuwa, babu zangon da za a tarye ka da tuwo. Abin da ka ɗora wa raƙumi shi ne abincinka, abin da ke cikin salka kuwa shi ne ranka, sai ka kai wata rijiya. Saboda zafi, yawancin tafiyar da dare a ke yinta. Suka wuce rijiyoyin Agadem da Dibbela, suka kai Bilma inda a ke haƙar gishiri, suka ratsa ta Murzuk, suka sauka Tarabulus cikin watan Agusta. A lokacin Dorugu bai fi shekara goma sha biyar ko sha shida ba.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne, hanyar nan ita ce fatake ke kora bayi zuwa arewa, har matafiya na tarad da ƙasusuwan waɗanda ƙishirwa ta kashe zube a bakin rijiyoyi. Da ba a fanshi Dorugu ba, watakila da ta nan za a kora shi cikin mari. Sai ga shi ya bi ta yana ɗa.

Daga Tarabulus suka shiga jirgin ruwa, suka ratsa Faransa, suka isa Landan cikin Satumba 1855. A Ingila ya zauna wurin wani Bature mai suna Schön, wanda ya daɗe yana neman sanin Hausa. Dorugu na faɗa, Schön na rubutawa: labarin rayuwarsa, da tatsuniyoyi, da abin da ya gani a ƙasar Turawa. Da taimakonsa Schön ya fid da littafin nahawun Hausa cikin 1862, da ƙamus cikin 1876, da kuma littafin Magana Hausa cikin 1885. Watau Hausar da Turawa da yawa suka fara koya, daga bakin yaron Dambanas ta fito.

Cikin 1864 ya komo ƙasarmu, ya yi aikin tafinta shekaru masu yawa. Da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, Dorugu ya tsufa, amma ya shiga cikin masu koyarwa. Abin mamaki, shi Ɗan Hausa ta wannan hanya ya zo Barno daga Tarabulus cikin 1906, hanyar da tsohon nan ya riga shi bi da shekara hamsin da ɗaya.

Jama'a, mun san Dorugu ne kaɗai don an sami mai rubuta maganarsa. Dubban da suka bi hanyar nan, ko sunansu babu. Saboda haka ina roƙon kowane ɗalibi, in an tafi hutu, ya nemi tsoho ɗaya a garinsu, ko a Dukku ne, ko Nafaɗa, ko Kumo, wanda ya taɓa fatauci ko wata doguwar tafiya. Ya zauna gabansa da ladabi, ya rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, ya kawo mu buga a shafin nan.